Gwaggo Direba da Tayoyin Sabo-Fil

Ƙanwar babana ce. Mu a gida Gwaggo muke ce mata, unguwa ta ƙara mata da Direba. Gajeruwa ce, sai ta ɗora matashi biyu a kujera kafin ta hango kwalta ta saman sitiyari. Ba ta da yawan magana, kuma in ka ɓata mata ba za ta ce maka uffan ba. Babana ya ce tun suna yara haka take: ka cinye mata abinci yau, sai ka manta sarai, wata rana ka tashi ka tarar da takalminka ƙafa ɗaya a kan rufin ɗaki.

Motar ta mijinta ce. Da ya rasu danginsa suka zo, kowa ya leƙa ta ya ja da baya, don 'yar mitsitsiya ce, ruwan toka, bayanta a dunƙule, har yara suna kiranta Buzuzu. Gwaggo ta ce a bar mata. Tana da shekara arba'in da biyu ta koyi tuƙi a filin ƙwallo, ta kashe mota sau ba adadi, samari na tafa mata. Da hannunta ya faɗa sai ta fara kai yaran maƙwabta makaranta: 'yan biyun gidan da ke kallon nata, ɗan mai kanti, da Autar tela. Da safe ta kai, da rana ta ɗauko. Da wannan take ci, da shi take sutura, kuma shekara bakwai ko akuya ba ta taɓa gogewa ba. A Buzuzu ba a cin rake, ba a fitar da hannu ta taga. In ruwa ya sauko ta kunna fitilu, ta rage gudu, ta miƙa wa wanda ke gaba tsumma ya riƙa share mata gilashi.

Abu ɗaya ne ba ta sani ba, taya. Inda maigidanta yake saye nan ta ci gaba da zuwa, wata rumfar kwano a bakin titi, tayoyi jibge har sama, da bahon baƙin ruwa na neman huji, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da wani benci da ba ya rabuwa da 'yan zaman kashe wando. Mai rumfar kuwa kowace taya ka nuna sai ya mare ta da tafin hannu ya ce, "Sabuwa fil!" Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, ya koma Sabo-Fil.

Gab da damina Gwaggo ta je ta ce tayoyin bayan motarta sun yi sanƙo.

"Hajiya, kin zo a sa'a," in ji shi. Ya mirgino guda biyu baƙaƙe wuluk suna ƙyalli, zanensu zuru-zuru. "Waɗannan ko a kan kogi kika bi ba za su jiƙa miki ƙafa ba."

"'Ya'yan mutane nake ɗauka, Malam."

"Haba Hajiya, ni ma ai uba ne."

Sati uku bayan nan, da safe, ana ruwa ba mai ƙarfi ba ma. Akwai wani gangare bayan kasuwa da ke ƙarewa da kwana a bakin kwalbati. Gwaggo ta bi shi fiye da sau dubu. Ran nan tana karya sitiyari sai ta ji bayan motar ya tafi abinsa, kamar an ja tabarma a ƙarƙashinta. Buzuzu ta juya sau ɗaya da rabi, ta kwanta da gefe a cikin lambatu. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma hannun Auta ya karye wuri biyu.

A asibiti Matar Tela ko kallonta ba ta yi ba. Kafin sati ya zagayo iyaye duk sun janye yaransu, kowa da ɗan uzurinsa. Wannan Gwaggo ta haɗiye shi, don ko ita ce uwar abin da za ta yi ke nan. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne maganar da ta fito daga benci. Sabo-Fil ya zauna ya harɗe ƙafa yana ba da fatawa: "Ni na sha faɗa, sitiyari ba muciya ba ne. Birki ta take a tsakiyar kwana, aikin mata ke nan. Allah dai Ya sa tayoyina ne, da ba a fitar da ko ɗaya da rai ba." Magana ta bi gari, ta shiga gida-gida, har babana ya je ya same ta ya ce, "Ki sayar da motar nan ki huta, shekaru sun fara ja."

"To, Yaya," in ji ta.

Da janwe ya kai Buzuzu gareji, Baba Makaniki, wani tsoho mai ido ɗaya da ya san motar tun tana hannun mijinta, ya cire tayoyin baya ya daɗe yana jujjuya ɗaya. Sai ya kira Gwaggo.

"'Yar nan, zo ki sa farcenki a nan."

Ta sa. Robar ta ƙandare kamar ƙaho. Ya buɗa zanen da tsinin sukudireba, ga waya tana leƙe a ƙasa. Ya goga yatsa a gefe, yatsan ya fito da baƙin man takalmi. Inda ake rubuta shekarar da aka ƙera taya kuwa an kankare shi tas.

"Wannan ta girmi 'yan biyun da kike ɗauka," ya ce. "Ta suɗe ne, aka sa wuƙa a wuta aka sassaƙa mata sabon zane. A rani za ta yi ta tafiya ba ki sani ba. Amma tsohuwar roba ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta, ga motarki ba nauyi. Kuma Sabo-Fil ya rasa inda zai sa su sai baya, inda in ta zame ba abin da sitiyari zai yi miki. Ki kai shi ƙara."

Gwaggo ta ce, "In na faɗa, cewa za a yi mace ta kifar da yara tana neman wanda za ta shafa wa kashin kaji. Mayar mini da su, Baba."

"Mayar da me?"

"Inda ka ciro su. Ba zan sa ɗan kowa a ciki ba."

Sauran damina Buzuzu ta yi ta a gareji ana buga mata ƙofa. Da rani ya shigo Gwaggo ta koma rarraba burodi daga gidan gashi zuwa kantuna, a giya ta biyu, kamar mai rakiyar gawa. Kuma duk ranar Asabar sai ta tsaya a rumfar Sabo-Fil ta gaishe shi da fara'a, ta ce ya duba mata iska. Shi kuma ya durƙusa, ya mari tayar, ya waiwayi 'yan benci. "Kun gani? Mota ta shiga lambatu ta fito, tayoyina ko gezau." Gwaggo ta ce, "Ai kayanka ba na banza ba ne, Malam." Wata bakwai tana yi masa haka. Ni da na san ta, duk ranar da na ga wannan murmushin sai in tuna da takalmin nan na kan rufin ɗaki.

A ɓoye kuwa tana ta koyo. Ta san lambar da ke jikin ƙofar direba ita ce girman tayar da ta dace da motar. Ta iya karanta sati da shekarar da aka ƙera taya. Ta riƙa yawo da ƙwayar ashana a jaka, ta tsoma kanta a zane ta ga ko zai nutse. Daga wani babban shago a can wani gefen gari ta sayo sababbi ɗaya bayan ɗaya, masu zanen da ke kora ruwa gefe, sai da suka cika huɗu. A bayan kabad ɗinta ta jera su, ɗakin kwananta ya yi ta warin roba.

Ruwan farko ya wuce, na biyu ya wuce, ba ta motsa ba. Sai da marka ta kama sosai, wata Laraba da hantsi, ta sa Baba Makaniki ya ɗaura sababbin, tsofaffin biyun na Sabo-Fil ya jefa a but. Ta biyo ta ɗauke ni, muka tsaya ƙofar gidan tela. Matar Tela ta fito da lema, fuska a ɗaure. Fiye da shekara ke nan ba su yi magana ba.

"Maman Auta, rabin awa nake roƙo," in ji Gwaggo. "Ga tayoyi nan sababbi, duba da idonki. Ki zauna a baya kawai, kada ki ce komai. In ba ki ji abin da zai sa ki yafe mini ba, gobe in sayar da motar."

Matar Tela ta zagaya motar, ta dube ni, ta shiga.

A gaban rumfar Sabo-Fil ruwa ya taru har rabin taya. Gwaggo ta danna hon, ta sauke gilashi kaɗan. "Malam, taimaka! Wani ƙara nake ji a baya, sai ana tafiya yake yi. Zo ka saurara mini." Ya ɗora buhu a ka ya rugo a guje, ya faɗa kujerar gaba, ya jefo mana "sannunku" ba tare da ya waiwayo ba. Labarin Auta ya sha ba da shi, amma fuskar uwarta bai sani ba. Ƙofar wannan gefen kuwa tun hatsarin ba ta buɗuwa sai ta waje.

Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, waifa na kai da komowa ba ta cim masa. Gwaggo ta sa giya ta uku. Ta sa ta huɗu.

"Ni ban ji ƙara ba, Hajiya."

"Sai an ɗan taka."

Da ya ga ta karkata bayan kasuwa sai ya gyara zama. "Ina za mu?"

"Gangare. A can ya fi fitowa."

"Hajiya, da ruwan nan? Rage kaɗan mana."

"Me zai sa in rage? Tayoyinka ne fa a baya. Ko a kan kogi na bi, ka manta?"

Ni ina kallon allurar gudu, hamsin ce kawai. Amma a cikin wannan ruwa, a ƙaramar mota, da abin da shi ya sani a ransa, ta fi ɗari. Ya laluba bel, ya laluba hannun ƙofa. Kwalbatin ya fara bayyana can ƙasa.

"Hajiya, don girman Allah! Ina da iyali!"

"Na sani, ai kai ma uba ne. Sababbi fil ka ce."

"Ba sababbi ba ne! Wallahi ba za su riƙe ba, tsaya!"

"To mene ne su?"

"Tsofaffi ne! Sassaƙa su na yi, da hannuna, na shafa musu mai! Hajiya kwana, kwana!"

Gwaggo ta ɗaga ƙafa daga totur tun da sauran nisa, ta taɓa birki a hankali, Buzuzu ta sha kwanar nan lafiya lau kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Sabo-Fil yana ta salati ido rufe. Ba ta tsaya ba sai da ta wuce gidajen ƙarshe, ta kai wani fili da ko bishiyar fakewa babu.

"Malam, waiwaya ka gaida Maman Auta."

Abin da Matar Tela ta gaya masa ba zai rubutu ba. Da baki ta fara, ta ƙare da lema. Gwaggo ta bari sai da lemar ta karye, sannan ta fita cikin ruwan, ta buɗe masa ƙofa, ta ɗaga but ta mirgino tayoyin nan biyu suka faɗi a ƙafarsa. Nan idonsa ya kai kan waɗanda ke jikin motar.

"Ga kayanka," ta ce. "Sitiyari dai ba muciya ba ne, amma kai ya tuƙa ka."

Muka bar shi a tsaye.

Sauran aikin bakin Matar Tela ya yi shi. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, washegari masu motoci suka yi layi a garejin Baba Makaniki ana tona musu zane da sukudireba. An samu bakwai masu sassaƙaƙƙun tayoyi. Damina ba ta ƙare ba Sabo-Fil ya kwashe injinsa ya bar titin, 'yan benci suka rantse dama can sun daɗe suna zarginsa.

Ranar Litinin Gwaggo ta wanke Buzuzu ta tsaya a ƙofar gida ƙarfe bakwai saura. 'Yan biyu suka fito da gudu. Ɗan mai kanti bai zo ba, ubansa ya ce ya riga ya saba da bas, kuma har yau bai dawo ba. Can sai ga Matar Tela riƙe da Auta. Yarinyar ta zo bakin ƙofar motar ta toge, ta rungume hannun da ya karye, ko da yake ya daɗe da warkewa. Yayyafi ake yi. Uwar ta buɗe baki za ta yi mata tsawa, Gwaggo ta ɗaga mata hannu, ta kashe mota, ta zauna tana jira. 'Yan biyu suna ta mitar za a rufe get.

An fi minti goma. Sannan Auta ta sa ƙafa ɗaya a ciki.

"Gwaggo, ta bayan kasuwa za mu bi?"

"Ta nan za mu bi, Autata. Shigo ki ja ƙofar."