Ranar da Mma Sahadatu Ta Ƙi Zaɓen Goro

Shekara ashirin da biyu Mma Sahadatu ta yi tana zaɓen goro a Zangon Kumasi, a shagon da mutum uku suka haɗa jari: Alhaji Musah, da Boukari Bazabarme, da Brimah. Gajeruwa ce, ga faɗa, yatsunta duk sun rine. Da ta juya goro a tafin hannu ta san mai sankara, tsutsar nan da ke cinsa ta ciki. Mata tara ke aiki a ƙarƙashinta, kuma da wannan sana'a ta ciyar da marayunta huɗu.

A 1954 ciniki ya buɗe, sai kan manyan ya rabu. Alhaji ya ce a sayi lori. Boukari ya ce a kama shago a Ikko. Brimah kuwa ya kafe sai an riƙa shiga ƙauyukan Asante ana saye a bakin gona. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai su zauna, kowa ya maimaita nasa, a watse. Har aka fara raɗe-raɗin za a raba jari, matan nan kuwa hankalinsu ya tashi.

Ana wannan ja-in-ja, huhun goro tamanin na jibge a ɗaki, wata biyu ba a sauya musu ganyen da ake naɗe goron da shi ba. Sau uku Mma tana magana. Wanda duk ta samu sai ya tura ta wurin ɗan'uwansa, wai kada a ce ya taɓa jari shi kaɗai. Manyan mutane da gemu, amma ganye ya gagare su. Abin haushi!

A al'adarsu ba a buɗe zama sai an fasa goro, ita ce kuma ke tsamo musu mafi kyau. Ran nan sai ta zura hannu cikin huhu kawai, ta damƙo ta zube a faranti. Alhaji ya yi bismilla ya fasa, ciki baƙi ƙirin. Boukari ya fasa nasa, tsutsa ta leƙo. Brimah ya janye hannu.

"Mma, mene ne wannan?" in ji Alhaji.

"Kayanku ne, Alhaji. Shi lori zai ɗauka, shi za a kai Ikko."

Can Boukari ya tuɓe babbar riga ya ce a buɗe ɗakin. Su ukun suka zauna a tabarma cikin mata ana ware ruɓaɓɓe, har la'asar ta wuce. Huhu sittin da ɗaya aka tsira da su. A nan zaune suka daidaita: ganye da ɗaki mai sanyi tukuna, sannan lori, Ikko sai baɗi. Ganye kuma Mma ta saya ba sai ta tambayi kowa ba.

Da suka fita sai ta zame ta zauna a ƙasa. Ashe tun safe ta ƙulle 'yan komatsanta a zane, ta ɗauka korarta za a yi. Ta kwance ƙullin, ta share ido da gefen mayafi, ta dubi matan.

"Gobe kowa ta zo da wuri. Akwai aiki."