Bindigar da na zaɓa saboda Inna

Shekarun baya can, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, muna zaune a Tudun Wada, ni da maiɗakina da mahaifiyata. Unguwar baƙi ce a lokacin, Kanawa da Katsinawa da Nufawa, kowa da abin da ya kawo shi. Ni ɗinki ya kawo ni. Ina da 'yar rumfa a bakin hanya inda nake yi wa leburorin jirgi riguna da huluna, kuma duk rayuwata ban taɓa riƙe makamin da ya wuce almakashi ba.

Da damina mahaifiyata ta kwanta ciwo. Zazzaɓin ya yi kwanakinsa ya tafi, amma ya tafi da ɗanɗanon bakinta. A kawo kunu, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. A kawo tuwo, ta ce a rufe sai an jima, kuma an jiman ba ya zuwa. Har kaka ta wuce tana ramewa, awarwaronta na azurfa ya riƙa zamewa daga hannunta, sai da maiɗakina ta cire ta adana. Mai magani ya duba ta ya ce ciwo kam babu, yunwa ce za ta kai ta ƙasa in ba ta ci ba. Na ji tsoro ƙwarai, don mahaifina ya riga mu gidan gaskiya tun ina ƙarami, ita kaɗai ta rage mini.

Wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta ce, "Ka san abin da raina yake so? Romon barewa. Irin wadda yayana yake kamo mana da tarko muna yara."

Ban tsaya sa hula ba na nufi kasuwa, na sayo bandar barewa wajen masu naman daji. Ta dubi naman, ta dube ni, ta ce, "Wa ya yanka?" Na ce ban sani ba. Ta ce to a kai wa maƙwabta.

Dole in gaya muku irin matar da ta haife ni. 'Yar malamai ce gaba da baya, kuma mahaifinta mutum ne mai tsanani a kan abin da ke shiga ciki. Ya koya mata cewa dabbar da rai ya fita daga jikinta kafin wuƙa ta taɓa wuyanta ba abincinta ba ce. Limamin unguwarmu ya ce malamai da yawa sun halatta abin da aka harbe da bismillah, ita kuwa ta ce ta ji, ba ta ja da malamai, amma ita a kan karatun ubanta za ta mutu.

Ina da aboki maharbi a Tudun Jukun, mai baka da kibiya, wanda Inna take so kamar ita ta haife shi. Na kai masa kukana. Ya ce tarko ba zai yi ba, barewa ta yi nisa tun da jirgi ya fara kuka a dajin nan, kafin ka koma duba tarkon kura ta riga ka. Kibiyarsa kuma da dafi take, Inna ba za ta taɓa abin da dafi ya kayar ba. Saura bindiga. Shi kuwa ba ya taɓa bindiga, don mahaifinsa ya gargaɗe shi cewa ranar da hannunsa ya taɓa albarushi, ranar asirin gidansu zai karye.

Ya ce, "Ni zan kai ka har inda take. Kai za ka harba."

Na ce, "Ni?"

Ya ce, "Ai akwai wani ɗan Inna ban da kai?" Sai ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Muka tafi Dutsen Abba wajen wani tsohon maƙeri da ke gyaran bindigogin toka. Irin na Turawa masu harsashi ba a barin baƙar fata ya riƙe, wannan ba ma a zancensa. Tsohon ya saurari abokina, ya shiga ɗaki ya fito da bindiga biyu ya jingina a jikin bango. Ya zura babban yatsansa a bakin ɗaya, ya shige har da saura. Ya zura ƙaramin yatsa a bakin ɗayar, da ƙyar ya shiga. Ya ce, "Maɗinki, zaɓi."

Ban ko yi tunani ba na rungumi babbar. A raina na ce in za a yi abu a yi shi da kyau, kuma mai faɗin baki ko makaho ya riƙe ta ai ba zai rasa ba. Gaskiya akwai son a gan ni da ita a kafaɗa ina ratsa Tudun Wada. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama.

Tsohon ya karɓe ta. Ya ɗura mata albarushi da dalma, ya kai ni bayan maƙera, ya nuna mini wani suri. Na ja kunamar bindigar. Ban san inda dalmar ta tafi ba har yau, na dai san inda ni na tafi, don a zaune na tsinci kaina cikin toka, kunnena na ƙara, kafaɗata kamar jaki ya harbe ni. Abokina ya juya baya don kada in ga fuskarsa.

Da tsohon ya ɗaga ni, sai ya ce, "Faɗuwa ba komai ba ce, ana sabawa. Ni tambayata ita ce, wa zai ci naman?" Na ba shi labarin Inna. Ya ce babbar ta gwanki ce da ɓauna, in ta sami barewa ko shurawa ba za ta yi ba, kafin in taka ƙafa biyu rai ya fita. Ƙaramar kuwa takan bar dabba da sauran numfashi, amma in aka yi harbin daga nesa, barewar za ta gudu da dalma a jikinta, ta je ta yi ta wahala a wani kurmi har ta mutu, ba ni ba ita.

Na ce, "Baba, babu ta tsakiya?"

Ya ce, "Da akwai ai da na fito da ita."

Na koma gida na zauna a bakin gadon Inna na faɗa mata yadda muka yi. Na so ta sassauta, ta ce a ɗauki babbar a wuce wurin. Sai ta ce, "Wadda ta mutu kafin wuƙa ba zan ci ba, ka sani. Amma kuma kada a azabtar da baiwar Allah saboda cikina. Bar shi kawai, kwaɗayin tsufa ne, zai wuce." Gaba kura, baya sayaki. Da yamma na ga maiɗakina ta fito da akushi daga ɗakin, tuwon yana nan yadda aka kai shi. Washegari na koma Dutsen Abba na ce a ba ni ƙaramar.

Tsohon ya ce to yanzu aikin ya koma kan gwiwoyina da ƙafafuna. In yi rarrafe har sai na ga kunnenta yana kaɗa ƙuda, in nufi kafaɗa, in ta faɗi in yar da bindigar in ruga da wuƙa. Ya sa na yi ta harbin surin nan har na fara samu. Abokina kuma ya ɗora mini gudu kowace safiya bayan salla. Mutum mai teɓa, wanda ya shekara da shekaru a zaune a kan tabarma, ga shi yana zabga gudu a bayan gari da wuƙa a ƙugu. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta tare ni ta ce, "Malam, me aka sace maka?"

Farkon bazara muka fita, lokacin da aka ƙone daji, sabon toho ya fara fitowa. Muka yi tafiya mai nisa yamma da gari har muka bar gonaki a baya. Na ga kanki, na ga gada, abokina ya ce in kawar da ido, ba su muka zo nema ba. Da hantsi ya taɓa hannuna ya nuna mini wani fili. Barewa uku suna kiwo. Ya raɗa mini cewa ta gefen hagu namiji ne, shi zan nufa, don matan a wannan lokaci ba a rasa su da ciki. Ya watsa ƙasa ya ga inda iska ta nufa, ya ce shi a nan zai tsaya, mutum biyu ba sa rarrafe ɗaya.

Na ja ciki a kan toka da kututturen ciyawa, ƙaya tana shiga tafin hannuna. Sau da yawa na ce a raina ai nan ya isa, sai in tuna maganar Inna a kan azaba, in ƙara matsawa. Har na ga kunnen yana kaɗawa. Na yi bismillah, na harba.

Namijin ya faɗi. Kafin hayaƙi ya washe ya miƙe, ya yi tsalle kaɗan ya shige wata ciyawa da wuta ba ta ci ba. Na yar da bindigar na bi shi da iyakar ƙarfina. Ban yi nisa ba na same shi kwance, dalmar ta shiga daidai inda tsohon ya ce. Na durƙusa, na kama ƙahonsa, na juya shi alƙibla. Ina zare wuƙa ya ja numfashi ɗaya mai tsawo, jikinsa ya saki. Na taɓa idonsa, bai ƙifta ba.

Abokina ya iso yana haki, ya duba, ya gane. Ya ce, "Yanka. Jikinsa da ɗumi, jini zai zuba kamar na kowane yanka. Ni ban ga komai ba, kai ma ba ka ga komai ba." Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, ya ga yadda Inna ta koma. Na sa wuƙar don jini ya fita, muka ɗaure shi a sanda muka saɓa. Duk tsawon hanya ina ta jujjuya maganarsa, kuma har muka hango rufin gidajen Tudun Wada ban san abin da zan ce ba.

An fito da Inna tsakar gida an jingina ta da bango. Ta ga barewar, fuskarta ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ta shafa gashin da yatsunta. Sannan ta ɗago ta ce, "Ka same shi da rai?"

Abokina ya buɗe baki zai amsa. Na riga shi. Na ce, "A'a, Inna. Ina zare wuƙa ya cika." Sai hawaye ya zubo mini, ƙato da ni, a gaban maiɗakina.

Ta ce, "Ya wahala?"

Na ce bai wahala ba, na matsa kusa yadda aka ce.

Ta kama hannuna ta juya tafin, ta ga yadda ƙaya ta yi masa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Hannun allura." Sai ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ce a feɗe a raba wa unguwa, tunda liman ya ce ya halatta gare su, kada naman ya tashi a banza.

Na koma gefe na zauna, zuciyata ta karye, don a ganina duk wahalar ta tashi a tutar babu. Maiɗakina ta ɗora tukunya za ta dafa wa abokina rabonsa, ta ɗebo ruwa za ta zuba. Sai muka ji muryar Inna, da ƙarfin da ba mu san tana da shi ba.

"Ke, ba haka ake yi wa naman daji ba. Kawo mini kujera."

Aka kai ta bakin murhu. Ta sa aka fara turara naman da ɗan ruwa kaɗan, ta sa aka daka citta da masoro da kanumfari, ta ce daddawar ta yi yawa, ta karɓi ludayi da hannunta. Matan maƙwabta suka shigo karɓar rabonsu suka zauna, ta shiga ba su labarin yayanta da tarkonsa, da yadda mahaifiyarsu take korar su daga gindin tukunya. Ta yi faɗa, ta yi dariya. Gidan ya cika da ƙamshi. Can sai ta juya wajen maiɗakina ta ce, "Wannan ƙamshi ya tayar mini da yunwa. Akwai sauran tuwon jiya? Ɗumama mini, da miyar kuka, kada ki sa romon nan."

Na tsaya a ƙofar zaure ina leƙe kamar mara gaskiya, ina tsoron in na matso ta fasa. Ta ci loma, ta ƙara, ta ƙara. Ta kusa cinye malmala guda.

Daga ranar bakinta ya buɗe. Ta ƙara shekaru masu dama a duniya, ta goyi 'ya'yana, ta yi musu faɗa yadda ta yi mini. Bindigar na mayar wa tsohon, ban sake riƙe wata ba.

Yanzu da na tsufa nakan ji samari suna gardamar wace bindiga ta fi, babba ko ƙarama, sai in yi shiru, don ni ban zama maharbi ba balle in sa baki. Abin da na sani shi ne na zaɓi tawa da tunanin mace ɗaya, kuma na yi rarrafen da ban san zan iya ba saboda ita. Har yau in na tuna ta zaune a bakin murhun nan, tana juya naman da ba za ta ɗanɗana ba, kewarta takan cika mini ƙirji. Ta bar duniya ba ta sha romon barewar ba, kuma ko sau ɗaya ba ta sake tambayarsa ba.