Kwamfuta a Buhun Kuka

Mun tashi da asuba daga Gidar, ni da maƙwabciyata mai sayar da man gyaɗa. Ita za ta Ngaundere saro kaya. Ni aike ne ya fitar da ni. Autata tana karatu a can. Da ta zo hutu kwamfutarta ta mutu, ta bar ta wurin mai gyara a Garwa, ta koma. Aikin shekara uku yana ciki, kuma ranar Alhamis malamai za su karɓa. Mun fita Talata.

Damina ce, hanya duk ta farfashe. Daga Figil zuwa Pitowa direba yana ta kauce wa ramuka kamar mai rawa. Auduga ta yi kore shar a gonaki. Ban karya ba.

Hantsi muka isa Garwa, shagon mai gyara a unguwar Pumpumre. Ya kunna mini kwamfutar na gani, ya kashe, ya kira ni yadda Fulani ke kiran uwa, ya ce, "Dada, ta tashi, amma abin da ke riƙe aikin a ciki ya tsufa. Bugu ɗaya mai kyau, shi ke nan. Ki saya mata riga kafin ki hau mota." Na ce riga kuma? Ya ce wata jaka ce mai soso, daidai jikinta. Ya kwatanta mana layin masu sayarwa a babbar kasuwa.

Mai shagon da muka shiga a layin dattijo ne, kakanninsa Kanawa, Hausarsa garau. Ya tambaye ni girmanta, na ce ban sani ba, ga ta nan, a gwada. Ya fara ɗauko jakar goyo mai sheƙi da aljihu barkatai. Na ce mayar, wannan kiran ɓarawo take yi. Ya ɗauko wata mai furanni, maƙwabciyata ta ce ita ce ta 'yan mata, a ɗauka. Na murza ta a yatsa, ba ta fi zanen ɗaurawa kauri ba. Ta uku tana da soso amma ta yi mata yawa. Da na girgiza, kwamfutar tana yawo a ciki. Na ajiye.

Ta huɗu baƙa ce, mummuna, mai kauri a kusurwoyi. Kwamfutar ta shiga da ƙyar, ta zauna cif. Na duba zif ɗin, akwai leɓe a bayansa, ƙarfe ba ya taɓa ta. Na zare kwamfutar, na sa hannuna a ciki, na ɗora a kan tebur, na ce ya bugi hannun da kwaɗon shagonsa.

"Hajiya, in na karya miki yatsa fa?"

"To ba zan saya ba."

Ya buga. Na ji, amma ba zafi. Na ce ya yayyafa ruwan buta, ruwan ya gangare. Ta fi mai furannin tsada nesa ba kusa ba, na yi ciniki har ya ce tun da ya buɗe shagon ba a taɓa wahalar da shi haka ba. Na biya.

Daga nan ne na yi wautata. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, 'yan fashi sun tare mu a hanyar Tuboro, suka kwantar da mu a ƙasa. Duk mai jaka mai kyau an kwashe ta. Buhuna na busasshiyar kuɓewa ba wanda ya kalla, kuma jarina yana ciki. Maigidana bai tashi daga wannan kwanciyar ba. Tun ranar, abu mai daraja ba ya tafiya da ni a fili, kuma ba na faɗa wa kowa abin da na ɗauka. Don haka na lallaɓa bayan wani shago, na tura kwamfutar da rigarta tsakiyar buhun garin kuka da daddawa da na ɗauro wa yarinyar, na ɗaure baki. Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, ilimin boko zai yi warin daddawa." Na ɗauki buhuna muka nufi tasha.

A tashar mota, wadda a nan ake cewa ajans, na ajiye buhun kusa da ita na shiga layin tikiti da katin ɗan ƙasa. Ita kuma ta juya sayen ƙosai. Da na dawo babu buhu. 'Yan lodi sun gan shi, buhu ne kamar kowane buhu, sun cilla shi saman mota. Ina kallo suka ɗora wani babur a kan kayan, suka ja tamfol, suka ɗaure. Na ce wa babbansu a sauko mini da kayana. Ya ce buhu ba ya shiga ciki, me ke ciki? Mutane sun kewaye mu, duk kunne. Na ce kuka. Ya ce kuka ba ta fashewa, Dada, shiga ki zauna.

Na shiga na zauna.

Mun haye gadar Binuwai, ruwa ya cika har ya shanye gonakin bakin kogi. Ban kalla sosai ba. Kunnena yana sama. Duk ramin da muka faɗa, sai na ji babur ɗin ya daki rufi, ni kuma na ji a haƙarƙarina. Maƙwabciyata ta miƙo ƙosai, na ture. Ta ce in faɗa wa direba mana. Na ce ta yi shiru.

A Ngong aka tsaya ɗaukar masara. Ƙarti biyu suka hau sama suna tattaka kaya don su sami wuri. Mata suna turo gyaɗa dafaffiya da gasasshiyar masara ta taga, arha kamar kyauta. Na fita, na zagaya motar sau uku, na dawo. Jandarma a shingen gaba ya karɓi katina ya dube ni ya ce ko ba ni da lafiya. Na ce lafiya lau. Bayan Guna birai sun zauna a bakin kwalta suna kallon motoci, fasinjoji suna dariya. Ni ina ƙirga ramuka.

Kafin Mbe hadari ya haɗu. Muna tsayawa wurin masu doya ruwa ya sauko, irin mai duka. Na ga gefen tamfol yana kaɗawa, iska ta ɗage shi. Gabanmu kuma hawan dutsen nan ne mai lanƙwasa, inda kaya ke zamewa gefe guda. Direba ya tada mota. Na miƙe tsaye.

"Direba, akwai kwamfuta a sama. Cikin buhun kuka."

Ya juyo ya ce, "Dada, tun daga Garwa? Me ya hana ki faɗa?" Na ce ɓarayi. Ya ce in waiwaya. Na waiwaya. Ɗalibai huɗu ne a kujerun baya, kowa da tasa a cinya, ɗaya ma ya buɗe yana kallon wasa. Wani Bafulatani mai sanda ya ce shi tunkiyarsa da ke sama ta fi damunsa. Aka yi dariya. Ban yi ba.

Cikin ruwan suka kwance igiya, suna zagina da Fulatanci, ina ji. Buhun yana ƙarƙashin tayar babur, ya jiƙe sharkaf. Kukar ta zama yauƙi. Na tura hannu har gwiwa na zaro rigar, kore, tana santsi. Na goge da mayafina, na zuge. Ciki a bushe. Wata ɗaliba ta ce in kawo ta gwada. Ban taɓa miƙa wa baƙo kayana a hanya ba. Na miƙa. Ta danna, ta sake dannawa, ba abin da ya haska. Ta ce wataƙila caji ne ya ƙare, wataƙila kuma ba shi ba ne.

Haka muka hau dutsen, tana ƙirjina, hannu biyu. Sanyin sama ya shigo, ban ji ba.

La'asar sakaliya na sauka unguwar ɗalibai, kafin shiga gari. Yarinyar tana bakin hanya. Ta shinshina rigar ta ce, "Inna, me ya faru?" Na ce je ki sa ta a caji. Ɗakinta ƙarami, katifa da tebur. Ta jona. Muka tsaya a kanta. Can wata 'yar fitila ta kama, gilashin ya haska. Kusurwa ɗaya ta tsage, baƙin layi ya sauko kamar zare. Ta danna nan, ta danna can, rubutu ya fito shafi bayan shafi. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ni na nemi ruwa da abinci, don rabona da ci tun jiya.

Kwana uku na yi. Ranar Alhamis ta kai aikin, aka karɓa. Juma'a na kamo hanya, na yi barci tun daga Mbe har Garwa, na iso Gidar bayan la'asar.

Mai niyyar ɗaukar irin wannan kaya, ya sayi riga mai kauri wadda ta kama jikinta, kar ya duba kyau, kuma ya riƙe ta a cinyarsa. Wannan shi ne mai sauƙin. Ɗayan ya fi mini wuya. Rufe baki a hanya ya daɗe yana tsare ni, har na ɗauka ba shi da farashi. Da na ƙara awa guda a rufe, da ni da hannuna na kashe wa yarinyar nan shekara uku.