Na Uku a Jerin Koci Mutawakil

Duk wanda ya taɓa tsayawa sa iska a tayar babur a bakin titin Tishigu ya san Mutawakil mai faci, ko da bai san sunansa ba. Gajere ne mai sanƙo, kullum da usur rataye a wuya. Yara Koci suke ce masa, manya ma Koci, har matarsa idan ta fusata Koci take kiransa. Shekara ashirin da ɗoriya yana horar da yaran kulob ɗin unguwarmu, 'yan ƙasa da shekara sha biyar, waɗanda a nan Tamale muke kira kolts. Da la'asar yake rufe rumfar facin ya nufi fili, ko da kuwa layin babura ya kai bakin kwata.

Ba wani kofi ne ya yi masa suna ba, don kofunanmu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Jerinsa ne. Kowace shekara idan damina ta ɗauke, sai ya jera yaran daga na ɗaya zuwa na ashirin, kuma manyan kulob da masu neman yara daga kudu sun san jerin Koci ba ya ƙarya. Ba ya kallon yaro lokacin da ƙwallo ke ƙafarsa, ya ce wannan kowa na iya gani. Yakan kalli abin da yaro ke yi idan ƙwallon ta bar shi, da yadda yake tafiya bayan an ci su. Takardar haihuwa kuwa dariya take ba shi. Idan yana son sanin shekarun yaro, tsofaffin matan unguwa yake bi yana tambaya, waɗanda suka tuƙa tuwo ranar sunansa. A haka ya kori masu gemu da yawa da suka zo suna rantsuwa shekararsu sha uku.

Abu ɗaya ne Koci bai iya ba, bai yi boko ba. Jerin a kansa yake. A nan ni na shigo. Sunana Saeed, malamin makaranta ne ni, kuma sakataren kulob. Ni nake zama a kan bencin rumfarsa da biro da takarda, yana faɗa ina rubutawa, in gama in ɗauki hoton takardar in tura wa masu nema. Shekara tara muna haka, bai taɓa cewa in karanta masa abin da na rubuta ba.

Bara wata akademi ta horar da 'yan ƙwallo daga Akra ta aiko cewa za ta gwada yara biyar na saman jerinmu. Biyar kawai. Jamal, ɗan yayata Mashudatu, yana cikin yaran Koci. Ita Mashudatu ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ta zo har makaranta ta same ni.

"Saeed, ba kai ne kake riƙe biro ba? Ɗanka ne fa. Ko sai na durƙusa maka?"

Na ce mata ba a yin haka. Na faɗa da ƙarfi ma, har na ji daɗin kaina.

Ranar rubutu, Koci yana goge tif ɗin taya da ƙarfe yana jero sunaye. Na uku ya ce Wumpini, wani siririn yaro ɗan wasan tsakiya daga unguwar Nyohini, wanda uwarsa ke sayar da koko. Ya ce yaron kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda zai kai ta. Jamal kuwa na bakwai.

"Jamal yana da ƙafa," in ji shi, "amma in an ƙwace masa bol sai ya tsaya yana neman wanda zai zaga. Ba shi shekara ɗaya, zai gyaru."

Na rubuta Jamal na uku, Wumpini na bakwai. Ko ɗar ban ji ba, kuma wannan ne ya fi damuna har yau. Na ce a raina takarda ce za ta tafi ta waya, su kira yaransu, Koci ya ɗauka can ne suka yi nasu zaɓin.

Ashe mutumin akademin mai ladabi ne. Ya zo da kansa, ya tara yara da iyaye a filinmu na tsakuwa, ya yabi Koci har ya gaji, sannan ya ce don girmamawa zai karanta jerin kamar yadda Koci ya bayar. Ina tsaye kusa da Koci. Da aka zo na uku aka ce Jamal, sai ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya, ba harara ba ce ma. Na sunkuyar da kai ina ta gyaran igiyar agogona.

Sahada, uwar Wumpini, ba ta jira an watse ba. Ta ratso mutane da zaninta ɗaure a ƙugu.

"Koci, ba kai ne ka zo gida ka ce yarona na cikin ukun farko ba? Na bar koko na zo nan. Don mu ba mu da kowa, ko? Ashe kai ma haka kake!"

Kowa ya san Jamal ɗan yayata ne, kowa kuma ya san ni da Koci ba ma rabuwa, don haka lissafin bai yi wa mutane wuya ba, sai dai a kan Koci suka ɗora laifin. Kalma ɗaya ta ishe ni in wanke shi. Ban furta ta ba.

"Mma Sahada, ki yi haƙuri," in ji Koci. "Jerina ne. Laifin nawa ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ya kwashe ni da mari a gaban ɗalibaina da ya fi mini sauƙi.

Jamal ya je Akra, sati biyu suka sallamo shi. Wumpini bai sake taka filinmu ba, an ce wani kawunsa ya tafi da shi gona can wajen gari. Koci ya je gidansu sau uku, Sahada ba ta ko ba shi kujera ba. Wani kulob da ya saba karɓar jerinmu ya aiko cewa bana zai turo nasa mutumin ya duba yaran da idonsa. A rumfar shayi na ji wani yana cewa ai tsohon ya fara tsufa, ko kuma ya fara jin maganar mutane. Na shanye shayina na tashi na yi tafiyata.

Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba. Yana gaishe ni, yana sa mini iska a taya, yana tambayar iyali. Ni ne na koma zagayawa ta bayan masallaci don kada in bi ta gaban rumfarsa.

Bana damina ta ɗauke, na zauna jiran ya aiko a kira ni rubutu. Shiru. Ranar wata Asabar da hantsi na koma makarantarmu ɗauko takardun jarrabawa da na manta. Ranar Asabar ajin yaƙi da jahilci ke amfani da ɗakunanmu, yawanci matan kasuwa ne. Ina wucewa ta taga sai na hango sanƙo a tsakiyar ɗankwalaye. Koci ne, mutum mai shekara sittin ba biyu, ya takure a bencin yara, ya riƙe fensir kamar mai riƙe sukundireba, harshe a waje. Na yi niyyar sulalewa, amma ya riga ya gan ni.

"Sakatare! Zo, zo ka duba mini."

Na shiga, matan suna ta ce mini sannu Malam. Ya miƙo mini littafin. Suna ɗaya ne ya cika shafin daga sama har ƙasa, harufan sun karkace, wasu sun hau kan wasu.

"Haka ake rubuta Wumpini?" ya tambaye ni. "Duba da kyau, kar in yi wa yaron mutane kuskure."

Na duba. Babu kuskure ko ɗaya.