Gurasar Magaryar Iya

Ni mutum ne mai son kasuwa, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. In ranar kasuwar Gaya ta zo, ko ɗinki ya yi mini yawa sai na lulluɓe kekena da zane na fita. In shiga ta wajen 'yan tumatir in ɓulla ta wajen 'yan ƙwarya, ina taya abin da na san ba zan saya ba, ina ɗanɗana gyaɗar wannan ina matsa kankanar wancan. Umma, mahaifiyata, takan ce da kasuwa mace ce da tuni na kai sadaki. Ban taɓa zaton wata rana wannan yawon nawa zai yi wa wani amfani ba.

A shekarar da matata ta sami cikinta na fari, mahaifiyarta ta rasu, ana gab da fara girbi. Iya muke ce mata. Mutanen Toranke ne, amma kakanninsu daga gabas suka zo, ta wajen Barno, sun daɗe har yaren ya gudu ya bar musu 'yan kalmomi da wasu girke-girke. Da aka share makoki na dawo da matata gida, sai ta kwanta. Laulayi a gefe guda, rashin uwa a gefe guda, abinci kuwa ko ƙamshinsa ba ta son ji. In ta daure ta kurɓi koko, kafin a ɗauke kofin ta dawo da shi. Awarwaron da ke matse mata hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Da na kai ta awo, malamar asibiti ta ɗora ta a sikeli, ta dube ni ta ce in ba ta fara cin abinci ba, ita da abin da ke cikinta duka suna cikin haɗari. A kan babur muna dawowa ina jin yadda ta jingina da bayana ba nauyi, tsoro ya kama ni sosai.

Babu abin da ban kawo ba. Tsire, awara, fura da nono mai sanyi, rake, yalo, har lemon kwalba iri-iri. Sai ta duba ta ce, "Sannu Malam, Allah ya ƙara buɗi," ta juya fuskarta bango. Umma ce take cinye rabi, ni in cinye rabi, har na fara ƙiba matata tana ramewa.

Wata rana da hantsi ina zaune a bakin gado ina yi mata fifita, sai ta ce a hankali, "Da zan sami gurasar magarya irin ta Iya, ina jin da na ci."

Na miƙe zumbur har maficin ya faɗi. Tunda ta kwanta ban ji ta ambaci sunan wani abinci da bakinta ba sai ranar.

"Wace iri ce? A ina ake sayarwa? Yaya ake yi?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Ni dai ci nake yi. Kullum sai ta ce in zo in zauna in koya, ni kuma in ce mata gobe." Ta ja zane ta rufe fuska.

To, an zo wurin da na fi ƙarfi. Abu in dai ana ci ne, kuma a ƙasar Gaya da Ajingi yake, ai sai dai in ban sa ƙafa ba. Na fara da masu gurasar garinmu, waɗanda ke manna ta a cikin tanderu. Suka yi mini dariya har da riƙe ciki. Ɗaya ya ce, "Tela, gurasa da fulawa ake yi. Magarya kuma ta yara ce da awaki." Ban ji haushi ba, na sayi bandashe na ci a tsaye na hau babur. A Gafasa na zagaye rumfunan mata masu kayan miya ɗaya bayan ɗaya. Ban samu ba, amma na dawo da zuma a kwalba da wata tabarma da ban san dalilin da ya sa na saye ta ba. A Ajingi wani mai goruba ya rantse mini ya taɓa ci yana yaro, sai dai matar da ta ba shi ta daɗe da rasuwa. Wannan ma ya ƙara mini ƙarfi, don na tabbata abin ba mafarkin mai ciki ba ne.

Sai daga baya hankalina ya ba ni abin da ya kamata in fara yi tun farko, wato in koma Toranke inda Iya ta zauna. Ran kasuwa na isa da wuri, ana ta sauke buhunan gero da wake daga amalanke, sabuwar gyaɗa tana ƙamshin ƙasa. A can ƙarshen layi, ƙarƙashin wata darbejiya, na hango wata tsohuwa ta baza kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Zanen da ke kumatunta irin na Iya ne sak. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da ke tafe da ni.

Ta tafa hannu. "Kai ɗan nan, wa ya tuna maka da wannan? Ai ba a kawo ta kasuwa. A gida ake yi, a cikin rami."

"Inna, ki taimake ni, matata ce ba ta cin komai."

Ta matsa mini gefen buhun da take zaune a kai. Ta ce kada in sayi magaryar da ake aunawa a kwano a kasuwa, ta bara ce, duk tsutsa ta gama da ita. In je in kaɗo sabuwa, yanzu lokacinta ne. In shanya ta bushe ƙayau, a daka, a tankaɗe, a sa ruwa, a dunƙula. A haƙa rami a hura wuta a ciki, in ya yi zafi a kwashe garwashin, a shimfiɗa ganyen kalgo, a jera, a rufe. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, murna ta hana ni tambayar yaya ake dakan, ruwan kuma nawa. Na saye mata daddawa fiye da abin da gidanmu zai ci a wata, na taso ina waƙa a kan babur. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Washegari da sassafe na ɗauki sabuwar tabarmar nan, ashe ranarta ce ta zo, da doguwar gora da buhu, na nufi bayan gonar kawuna inda magarya ta yi layi a kan iyaka. Rabona da wurin tun ina yaro. An gama yankan dawa, fili ya buɗe, bishiyoyin sun yi jajir da 'ya'ya har rassan suna sunkuyawa. Na shimfiɗa tabarma na ɗaga gora na maka, sai ga su suna zubowa kamar ruwan sama a kan kwano. Na yi ihu ni kaɗai a daji. Kafin in sunkuya, awakin unguwa sun ji labari, suka zo da iyalansu. Ina kora ta gabas suna shigowa ta yamma, wani bunsuru ma har ya taka tabarmar ya tsaya yana kallona yana tauna. Ƙayar magarya kuwa mai ƙugiya ce, in ta kama riga ba ta saki sai da shaida. Ni da nake ɗinke wa mutane kaya na koma gida da riga a yage gida uku, hannu duk karce, bakina ya yi danƙo don ci, buhu a cike. A hanya na tsaya na tsinko ganyen kalgo masu faɗi. Ban tuna ranar da na ji daɗi irin na wannan safiya ba.

Na shanya ta a kan rufin kwano, kullum in hau tsani in damƙa in ji. Ranar da ta fara ƙara a hannu kamar tsakuwa a gwangwani, na ce yau ne. Na haƙa rami a bayan madafa, na cika shi da kara da itace na kunna. Sannan na jawo turmi tsakar gida. Umma tana zaune tana tsince shinkafa, ta ɗago ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma namiji da taɓarya? Bari in yi maka."

Na ce a'a, bayanta yana ciwo, kuma ni na ji bayani daga bakin mai shi. Na zuba magarya, na ɗaga taɓarya sama da ƙarfin da Allah ya ba ni, na sauke. Gum! Na sake. Gum! 'Ya'yan suna tsalle suna fita daga turmi, kaji suna wawaso, Umma tana dariya har da hawaye. Ni kuwa gani nake aiki yana tafiya.

Sai na ji murya daga ɗaki, da ƙarfin da na manta tana da shi.

"Malam! Za ka fasa ƙwallon!"

Na tsaya da taɓarya a sama. Labule ya motsa, sai ga matata a bakin ƙofa, ta dafa bango, ɗankwali a karkace. Rabon da ta taka tsakar gida da ƙafarta ba tare da an riƙe ta ba, har na manta.

"Wannan ai dakan sakwara kake yi," in ji ta. "In ƙwallon ya fashe garin ya lalace, sai tsakuwa a haƙori. Ba haka sautinsa yake ba. Kawo."

Umma ta yunƙura za ta hana, na yi mata alama da ido. Na kawo kujera 'yar tsugunno, matata ta zauna ta jawo turmin tsakanin ƙafafunta. Ta riƙe taɓaryar a tsakiya, ba ta ɗaga ta sama ba, tana sauke ta a hankali tana murzawa, tas, tas, tas. Ɓawon da naman suka riƙa saki suna zama gari, ƙwallayen suna fitowa fes ba ko tsaga. Ta ce a miƙo rariya. Gari ya sauko launin ƙasa-ƙasa, ƙamshinsa mai zaƙi da ɗan tsami ya cika gidan.

Na ɗauko moɗa cike da ruwa zan tuttula, ta buge mini hannu.

"Kunu za ka dama? Yayyafawa ake yi."

Ta tsoma yatsu ta yarfa, ta cuɗa, ta sake yarfawa, har garin ya fara kama jikinsa in an damƙa. Ta cusa shi a ƙaramin ƙoƙo ta danna da babban yatsa, ta kife a kan ganyen kalgo, ya fito dunƙule sumul. Tana yi bakinta yana motsi, ba da mu take ba. Na kwashe garwashi, ita ta nuna mini yadda zan jera, aka rufa da ganye, aka mayar da ƙasa mai zafi da garwashin a kai.

Daga azahar zuwa la'asar na kasa zama. In je in sunkuya a bakin ramin in shaƙa, in dawo, in sake komawa. Umma ta ce in na ƙara zagayawa sau ɗaya za ta ɗaure ni a turken akuya. Da na dawo daga masallaci, tun daga zaure na ji ƙamshin, kamar ana ƙona sukari a nesa. Muka tone. Ganyen ya yi baƙi, amma da aka ɓare sai ga gurasar ta yi ja, ta yi tauri a baya, tana turiri.

Matata ta ɗauki ɗaya tana jujjuya ta daga hannu zuwa hannu don zafi. Ta gutsura. Ni da Umma ko numfashi ba ma yi. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, muka jira abin da ta ci ya dawo, bai dawo ba.

"Ba ta kai ta Iya ba," in ji ta. Hawaye yana zuba, ta kai hannu ta ɗauki ta biyu. Da ta cinye sai ta buɗe tafin hannunta tana kallo, gari duk ya maƙale a yatsun. "Ashe na iya," ta ce. "Ashe ina kallonta."

Can kuma ta share fuska ta dubi Umma. "Umma, akwai sauran tuwon jiya?"

Umma ta tashi da gudu, ta manta da ciwon bayan.

Yarinyar da aka haifa daga cikin nan yanzu ta isa aike. Duk shekara in an gama girbi ni da ita muke zuwa kaɗar magarya, ita ce sarkin korar awaki. Bana da aka jawo turmi, uwarta ta kira ta ta ce ta zo ta zauna ta gani. Tana tsakiyar wasa da ƙawayenta a zaure, ta ɗago murya ta ce, "Mama, gobe."

Matata ta ajiye taɓarya, ta je har zauren ta kamo hannunta.

"Yau," in ji ta. "Zo ki zauna kusa da ni."