Majigin da Aka Kai Malkohi

A shekarun da mutane ke kwararowa Yola da ƙullin kaya a ka, ina koyarwa a wata firamare a Jimeta. Wata ƙungiya ta neme ni in yi mata tafinta a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, don ina jin Turanci da Fulatanci. Na ɗauka magani za a raba ko hatsi. Ashe majigi ne. Wasu masu ilimi sun zauna a ofis mai sanyi sun gano cewa abin da ya fi damun wanda aka ƙone wa gida shi ne rashin sanin darajar muhalli.

Aka toshe tagogin wani aji da barguna, aka rataya farin zanen gado a bango. Aka tayar da janareto a bakin ƙofa yana tuttula mana hayaƙi, aka raba ruwan leda, kowa ya sha ya yar a ƙasa. Darasin muhalli ya fara ke nan.

Katun ne, fim ɗin zane irin na yara. Wani gari ne fari ya cinye, mutane suka kwashe suka bar wani butum-butumin ƙarfe mai ƙafa ɗaya yana ba wata 'yar bishiya ruwa. Ina tsaye a gefe ina fassarawa. Yara sai dariya suke duk sanda ya yi tuntuɓe. Maza kuwa sharhi suka buɗe. Wani ya ce mutanen nan ba gudu suka yi ba, tunda har sun tsaya kulle ƙofa. Wata ta ce ita akwatunan ne suka burge ta, ko gidan miji ba ta tafi da irinsu ba. Jami'in ƙungiyar, wani mai rataye da kati a wuya, ya tambaye ni me suke cewa. Na ce suna yaba fim.

A gaba akwai wata tsohuwa 'yar Borno da kowa ke kira Iya. Na san labarinta tun kafin mu shiga, don ita ta tare ni a ƙofa kamar yadda take tare duk baƙon da ya zo, tana cigiyar mijinta. Mijinta yana da ciwon ƙafa. Ranar da aka gudu ya ce su tafi, shi zai zauna ya ga dawar da ke gona. Tun ranar ba wanda ya kawo labarinsa, na rai ko na mutuwa. Ita ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Da butum-butumin ya ja ƙafa zuwa rijiya, sai na ga ta gyara zama.

A ƙarshe aka yi ruwa, bishiya ta girma, mutanen gari suka dawo suna kiɗa da rawa a inuwarta. Shi kuwa butum-butumin yana can gefe a jingine, tsatsa ta cinye shi, idonsa ya mutu. A kan wannan hoton jami'in ya tsayar da fim, ya fara tafi shi kaɗai. Sannan ya ce in tambaye su abin da suka koya game da itatuwa.

Iya ta ɗaga hannu. Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk “ka” ne.

“Malama, ka tambaye shi. Sun yi masa sutura?”

Na fassara. Jami'in ya yi murmushi irin na masu haƙuri da jahilai, ya ce in gaya wa Mama ƙarfe ne, ba mutum ba, kuma bishiyar ita ce saƙon. Wallahi raina ya ɓaci, amma haka na faɗa mata.

“Ƙarfe ne, to,” in ji Iya. “Amma shi ya tsaya musu. Ga su da yawa, ba mai rufe shi?”

Ta miƙe da ƙyar, ta cire mayafinta, ta je bangon ta shimfiɗa shi a kan butum-butumin, ta danne da hannu biyu. Hasken majigi bai san sutura ba. Hoton ya hau kan mayafin, ya hau bayan hannunta. Ta gyara, ta sake gyarawa, yana nan a waje.

Jami'in yana laluben abin da zai danna, sai wani dattijo daga baya ya taso, ya cire hularsa ya kifa a bakin na'urar. Ajin ya yi duhu. A cikin duhun na ji Iya tana cewa Allah ya jiƙansa, mu duka muka amsa da amin.