Baba Mordecai da Hodar Amarya

Duk mai bi ta Chikaji da safe ya san Baba Mordecai. Kafin ya taɓa sufana sai ya share gindin darbejiyar da ta zame masa gareji, ya sha kokonsa, sannan ya zagaya motocin da suka kwana yana leƙa ƙarƙashinsu kamar mai duba kaji. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida Zonkwa, don gwiwa ta ce ta gaji. Ni kuwa na ce ba zai sulale shiru ba.

Mu masu kawo motoci daga Samaru mun sha yi masa tsiya a kan nawarsa wajen aiki. Ka zo da gaggawarka, ya ba ka benci. Amma a tambayi Malama Tabitha.

Mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar Fijo, 'yarsu Happiness kuma ta kafe cewa ranar aurenta ba motar da za ta kai ta coci sai ta babanta. Biki ya matso, sai motar ta fara ɗigar da baƙin mai a tsakar gida. Duk garejin da aka je, sai a ƙara tamke notin da ke ƙasan inji, yoyo kuma ya ƙaru. Bakaniken ƙarshe ya ce sai an sauke inji, aikin da ba zai ƙare kafin Asabar ɗin bikin ba.

Ta iso wurin Baba ido jawur. Ya wanke ƙasan injin tas, ya bari ya bushe, ya ɗago kai.

"Maman Happiness, akwai hoda a jakarki?"

"Haba Baba, ina cikin damuwa kana wasa? Ta amarya ce, yanzu na sayo a kasuwar Sabon Gari."

"Yauwa, ita ma ta fi. Kawo."

Ya barbaɗe wurin ya yi fari fat, ya tada mota. Can sai ga siririn baƙin layi ya ratsa hodar, daga gindin notin kawai. Inji lafiyarsa ƙalau. Washa ce, ɗan zoben da noti ke zama a kai, yawan ɗauri ya murƙushe ta. Ya sa sabuwa, ya ɗaure a hankali, ya ce ƙarfe ma yana son lallashi.

Ranar Asabar ina wurin. Jama'a na guɗa suna kallon amarya, shi kuwa ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a ƙofar coci yana leƙen ƙasan Fijo. Ko ɗigo babu. Happiness ta fito, ta dafa motar, ta ce, "Mama, kin gani, babana ne ya kawo ni." Wallahi ni ma sai da na share ido.

Baba, kai ne mai nema kafin ɗauri. Gagara yoyo na Chikaji! Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma matasan gareji, ku rage ƙarfin damtse ku ƙara haƙuri, domin ba ku san abin da mai mota ya ɗora wa motarsa ba. Wata marainiya ta shiga coci da dariya saboda wani tsoho ya ƙi yin sauri.